Buhu Huɗu a Zaure: Yadda Za Mu Saba da Ware Shara Tun Daga Gida

 

'Yan uwa mazauna Sabha, na Gurda da Mahdiyya da Manshiyya da Tayuri da sauran unguwanni, kowa ya san halin shara idan zafi ya tsaya. Leda guda ce za a zuba wa ragowar makaroni da robar ruwa da gwangwanin tumatir da fasasshiyar kwalba, a ɗaure a aje bakin titi. Kafin la'asar ta fara ɗoyi, maguna sun yage ta, iskar gibli ta watsa sauran. Idan motar shara ta yi jinkiri, sai wani ya cinna wa tarin wuta, hayaƙin ya shigo mana ɗaki.

Tushen matsalar shi ne cakuɗawa. Roba da gwangwani da kwali ba sa ruɓewa, ba sa wari, kuma akwai mai sayensu. Ragowar abinci ce mai ruɓewa. Da zarar miya ta jiƙa kwali, to ya tashi daga kaya ya koma ƙazanta. Saboda haka aikin yana farawa ne a madafa, lokacin da abin yake hannunmu.

Addininmu bai bar wannan fage ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana almubazzaranci a ci da sha, kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya ƙirga kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. To wanda ya kawar ma ke nan, ina ga wanda ya hana abin isa hanyar tun farko?

A Jamus, tun 2003 ana ɗora ajiyar kuɗi a kan robar abin sha da gwangwani, yau santi 25 ne, kana mayar da su kanti a ba ka kuɗinka. Mu ma ai ba baƙin abin ba ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar toka da takin gari a kan jakuna zuwa gonaki. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka alminiyam a zuba tukwane, a fasa tsohuwar ganga a ƙera murhu da akwati. 'Yan jari bola da muka sani a gida, a nan su ne masu sayen kurda. Abin da ya rage kawai, kayan su fito daga gidajenmu a ware.

Buhu na farko na burodi ne. Nan mutanen Libiya sun riga mu: za ka ga an rataye ragowar kubza a leda daban, ba a haɗa ta da shara, masu tumaki da awaki su karɓa. Sharaɗi ɗaya ne, a shanya ta ta bushe ƙayau kafin a zuba a buhu. Ɗanyen burodi a ƙulle cikin leda fumfuna yake yi, fumfunar kuma tana cutar da dabba.

Na biyu na roba. A juya gindin robar, za a ga lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce ta ruwan sha da lemo, lamba 2 ita ce mai kauri ta jarka da robar sabulun ruwa. Waɗannan biyu su aka fi narkawa a sake sarrafawa. A zazzage abin da ke ciki, a ɗauraye da ruwan da aka riga aka yi wanke-wanke da shi, a cire murfi, a take ta da ƙafa ta lanƙwashe. Da haka buhu guda zai ci abin da dā sai buhu biyu ko uku.

Na uku na ƙarfe. Idan ana son rarrabewa, a ɗauko mayen ƙarfe. Gwangwanin tumatir da na kifi zai manne, na lemo ba zai manne ba don alminiyam ne, kuma ya fi tsada a sikeli. Narka tsohon alminiyam na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake ƙonawa wajen haɗa sabo daga ma'adini, shi ya sa ba ya rasa mai saye. Murfin gwangwani mai kaifi kuwa a tura shi ciki a matse bakin, kada ya yanke hannun bawan Allah.

Na huɗu na kwali da takarda. A buɗe kwalin a shimfiɗe, a ɗaure da igiya, a nisanta shi da ruwa da mai. Ɗalibai, a nan sai kun kula. Takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba ta shiga wannan buhu. A tanadar mata akwati nata a makaranta, idan ta taru malam ya binne ta a wuri mai tsarki ko ya ƙona ta cikin girmamawa, kamar yadda malamai suka yi bayani.

Abin da ya rage bayan wannan ɗan kaɗan ne. Ɓawon kayan miya da ganye a kai wa mai awaki, amma a zazzage su daga leda, domin ledar da dabba ta haɗiye tana cunkushewa a tumbinta har ta rame ta mutu. Fasasshiyar kwalba a naɗe ta da kwali. Sauran a ɗaure da kyau a kai wurin zuba shara.

Abubuwa uku kuma sai an yi hattara. Na ɗaya, batirin mota da na hasken rana da muke dogaro da su idan an ɗauke wuta: akwai dalma da ruwan guba a ciki, kada a fasa a gida, a mayar wa mai sayar da batir. Ba mu manta yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Na biyu, ƙona roba da taya: hayaƙin yana taɓa huhu, yara da masu asma su ke fara jin jiki. Na uku, kuma wannan ya fi shafar matasanmu masu yawon kurda, ragowar makamai. A Nuwamban 2013 rumbun makamai ya fashe a Barak, arewa da Sabha, mutane da dama suka rasu. Duk ƙarfen da ya yi kama da harsashi ko bam, komai tsatsarsa, kada a taɓa, kada a buga, a nisance shi a sanar da hukuma. Babu jan ƙarfen da ya kai ran mutum.

To yaya abin zai zama jiki? A rataye buhunan inda hannu ke kaiwa, kusa da madafa ko a zaure, domin idan suna can bayan gida ba wanda zai je. Wanda huɗu suka yi wa yawa ya fara da biyu, burodi da roba. A tsayar da rana guda ta fitarwa, misali safiyar Juma'a kafin wanka. A gidan iyali a damƙa wa kowane yaro buhunsa. A gidan haya na gwauraye a yi karɓa-karɓa mako-mako, 'yan dinarorin da aka samu a zuba a kuɗin gas ko na ruwa. A san mai saye ɗaya na unguwa, a ce masa ya riƙa biyowa ranar. Masallatai ma ga dama: buhu guda a bakin ƙofa ranar Juma'a da lokacin buɗa-baki zai tara robobin da ake bari cikin sahu.

Da yawanmu baƙi ne a wannan gari, kuma maƙwabci da ƙofar gida yake fara auna mutum. Mu gwada daga wannan Juma'ar. Allah Ya tsarkake mana zukata da gidaje, Ya sa mu dace.