Lauya a Fagen Wasannin Bidiyo

Duk wanda ya ga yaro ya duƙufa a kan waya ko akwatin wasa yana ta danne-danne, da wuya ya kawo a ransa cewa bayan wannan nishaɗi akwai lauyoyi da alƙalai da tulin takardun yarjejeniya. Alhali kuwa wasa guda ya tattara haƙƙoƙin jama'a masu yawa, tun daga mai zana surori da mai tsara kiɗa, har zuwa mai rubuta wa kwamfuta umarni da kamfanin da ya zuba dukiyarsa, kuma duk inda haƙƙoƙi suka cuɗanya da dukiya, to husuma ba ta yin nisa.

Babu abin da ya fi bayyana matsayin lauya a wannan sana'a kamar shari'ar da aka yi a birnin New York na Amurka. A shekarar 1981 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wasan Donkey Kong, inda wani gwaggon biri yake sace mace, gwarzon wasan kuma yana hawan tsani don ya ceto ta. Da wasan ya karɓu, sai kamfanin finafinai na Universal ya shigar da ƙara a 1982, yana da'awar cewa an ɗebo suna da labari daga King Kong, wanda ya ce mallakarsa ne. Nintendo ta wakilta lauya John Kirby, shi kuwa, bayan ya tafi Japan ya saurari mai ƙirƙirar wasan, Shigeru Miyamoto, sai ya koma cikin tsofaffin kundayen shari'a, ya zaƙulo hujjar da ta warware mas'alar, wato cewa shi Universal ɗin, a wata ƙara da ya kai kamfanin RKO a 1975, da bakinsa ya kafa dalilin cewa labarin King Kong ya zama na kowa da kowa. Da yake mai da'awa ba ya tsira idan furucinsa na jiya ya ƙaryata na yau, alƙali Robert Sweet ya ba Nintendo gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 1984. Tukuicin da aka ba Kirby shi ne jirgin ruwa mai filafilai da aka raɗa wa suna Donkey Kong.

Sai dai galibin aikin ba a gaban alƙali ake yin sa ba, a kan tebur ne, wurin tsara sharuɗɗa kalma bayan kalma. Matasanmu da suke buga wasan ƙwallo a shagunan unguwa, kowane suna da fuska da riga da suke gani sai da aka nemi izini aka biya. Kuma rashin daidaitawa kan sabunta irin wannan yarjejeniya ne ya raba kamfanin EA da hukumar FIFA bayan tarayyar da ta faro a 1993, har wasan da ke ɗauke da sunan hukumar ya koma EA Sports FC a 2023.

Amma mafi nauyin amanar, a ganina, tana wajen kare mai wasan, musamman yaro. Wasu wasanni suna sayar da rufaffen akwati, mutum ya biya kuɗi bai san abin da zai tarar a ciki ba, wanda duk ɗalibin babin mu'amala zai gane garari ne a cikin ciniki. Hukumar kula da caca ta Beljiyam kuwa ta bayyana a 2018 cewa irin wannan ciniki caca ne. Haka nan a 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bisa tuhumar hukumar ciniki ta Amurka cewa ya tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, ya kuma jawo mutane cikin sayayyar da ba su yi niyya ba.

Saboda haka lauyan da ya cancanci wannan fage shi ne wanda, bayan ya naƙalci dokokin mallakar fasaha da na ƙasashen da wasa zai shiga, yake da ƙarfin halin zama da masu ƙirƙira tun aiki yana ɗanye, ya yi musu nasiha a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, ko da nasihar za ta rage wa kamfani riba.