Hasumiyar Gobarau: Ginin sarki da ba ya jure sakaci

Duk wanda ya taso daga Dutsin-Ma ya biyo ta Kurfi zuwa birnin Katsina, zai yi ta hango duwatsu a hanya. Amma idan ya shiga birni ya nemi fitaccen ginin da sarakunan da suka bari, ba na dutse zai tarar ba. Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka gina ta, tsayinta kuma ya kai kimanin mita 15.

Ruwayar da ta fi shahara ta ce an gina ta ne a zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. Wurin masallaci ne kuma cibiyar karatu. Ba abin mamaki ba ne: sarkin da ya ɗaga tutar addini yakan so ginin da za a hango daga nesa.

Haka aka yi a Indiya tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da sama da shekara 200. Sarki Ashoka na daular Maurya ya rungumi addinin Buddha bayan ƙazamin yaƙin Kalinga, ya sa aka kakkafa ginshiƙan dutse masu ɗauke da saƙonninsa, aka kuma gina wata ƙubba a Sanchi. Na bayansa suka faɗaɗa ta da dutse, aka yi mata ƙofofi huɗu masu sassaƙa. A jikin ƙofar kudu har yau akwai rubutun da ke nuna aikin masu sassaƙa hauren giwa na garin Vidisha ne. Zakokin da ke kan ginshiƙin Ashoka na Sarnath kuwa, su Indiya ta ɗauka a matsayin tambarin ƙasa a 1950.

A nan ne labarin ya rabu. An yi watsi da Sanchi ɗaruruwan shekaru, daji ya rufe ta, amma da wani hafsan Birtaniya ya ci karo da ita a 1818, tana tsaye. Ginin ƙasa ba shi da wannan haƙurin. Damina kaɗan ya yi babu yaɓe, babu makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa, sai ya fara zaizaya. Shi ya sa Gobarau ba ta Korau kaɗai ba ce. Ta kawo yau ne saboda an yi ta samun masu gyara ta, ciki har da Sarki Muhammadu Dikko, kafin a sanya ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1959.

Abin takaici, ƙasa ba ta riƙe sunan magini kamar yadda dutsen Sanchi ya riƙe. Sai ɗaiɗaiku irin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, bakin mutane ya adana.

Yau a Kurfi da Dutsin-Ma, wanda ya samu kuɗi bulo da siminti da kwano yake saya, kuma ba laifinsa ba ne. Sai dai maginan da suka iya murza tubali, su jera azara, su haɗa makuba, tsufa suke yi, yaransu kuma sun koma aikin birkila. Su ne kuwa Gobarau za ta nema a gyara na gaba.