Barasa Bayan Tiyatar Rage Ƙiba da Abin da Wayar Salula Za Ta Iya Yi

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya da ya kamata a ce sun fi kowa sani, wai duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ya kuma faɗa shan barasa daga baya, to dama can makwaɗaici ne, da aka toshe masa hanyar abinci sai kwaɗayin ya koma kan kwalba. Maganar tana da daɗin faɗa domin tana ɗora laifin kacokan a kan majiyyaci, ta wanke likitan da bai yi gargaɗi ba da dangin da ba su lura ba, amma binciken da aka yi a Amurka da Suwidin bai goyi bayanta ba, kuma ɓarnarta ita ce tana sa mai matsalar ya yi shiru har sai abin ya ci ƙarfinsa.

Tiyatar iri-iri ce. Akwai wadda ake yanke wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbi a cire, akwai wadda ake ɗaure saman tumbi da zobe, akwai kuma ta kewaye, wadda ake ware ɗan aljihun tumbi da bai wuce girman ƙwan kaza ba a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abin da aka haɗiye zai tsallake sauran tumbin.

A jikin da ba a taɓa ba, barasa takan ɗan dakata a tumbi, inda wani sinadari ke fara farfasa kaɗan daga cikinta, kafin ƙofar tumbi ta riƙa sakinta sannu a hankali zuwa hanji, wanda shi ne ke tsotse mafi yawanta zuwa jini. Tiyatar kewaye ta kawar da wannan jinkiri. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka kuma buga a 2002 ya nuna cewa matan da aka yi wa wannan aiki barasa takan kai ƙololuwa a jininsu cikin kusan minti 10, alhali sauran mata sai an kai minti 30. A 2015 kuma Marta Yanina Pepino da abokan aikinta a Amurka suka gano cewa awo biyu na barasa yakan yi wa irin waɗannan mata tasirin awo huɗu, har ya zarce iyakar da doka ta yarda a yi tuƙi da ita a can, kuma daga baya aka ga makamancin haka ga waɗanda aka yanke wa tumbi. Masana shaye-shaye sun daɗe da sanin cewa duk abin mayen da ke isa ƙwaƙwalwa da sauri ya fi saurin kama mutum.

Da kwaɗayi ne ke sauya wuri, da kowace irin tiyata ta haifar da sakamako ɗaya, tun da dukkansu suna rage ci. Ba haka aka gani ba. Wendy King ta Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinta sun bi diddigin mutum fiye da 2,000 a asibitoci goma na Amurka, kuma rahotonsu na 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyar kusan kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyatar kewaye sun nuna alamun matsalar barasa, yayin da na masu zobe ya tsaya wajen kashi 11. Sannan ga batun lokaci: a rahotonsu na 2012 matsalar ba ta ƙaru a shekarar farko ba, lokacin da aka fi takura wa mutum a kan abinci, sai a shekara ta biyu, inda ta tashi daga kashi 7.6 kafin tiyata zuwa 9.6. Ko ɓerayen gwaji, waɗanda babu mai zarginsu da raunin tarbiyya, an ga wasunsu sun ƙara neman barasa bayan an yi musu tiyatar kewaye. Ba a musun cewa namiji, matashi, mai shan taba, mai taɓa sha tun da farko da wanda ba shi da masu tallafa masa sun fi shiga haɗari. Sai dai wannan bai mai da sauyin jiki laifin hali ba, kuma wanda ya nace da faɗar haka yana cutar da mutane ne da jahilcinsa.

Shekara ta biyun nan ita ce inda fasahar zamani take da amfani, domin a lokacin ne ziyarar asibiti ke raguwa, nauyi ya sauka, kowa ya ɗauka an gama. Matsalar ta fi tsanani ga 'yan Najeriya da ke zuwa Indiya, Masar ko Turkiyya a yi musu aikin su dawo gida babu likitan da ke bibiyarsu, a cikin al'ummar da ambaton giya kaɗai abin kunya ne. Waya ba ta ganin fuska, shi ya sa mutum kan iya amsa mata abin da ba zai iya furtawa a gaban likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wasu tambayoyi goma da ake kira AUDIT, masu auna yawan sha da illarsa, akwai kuma gajeren tsari mai tambaya uku, kuma asibiti zai iya tura su ta waya lokaci-lokaci, ya kira wanda makinsa ya hau. Akwai manhajojin da mutum ke rubuta abin da ya sha da halin da yake ciki a lokacin, akwai saƙonnin tes na tunatarwa, akwai ganawa da likitan ƙwaƙwalwa ta bidiyo. A 2014 gwajin manhajar A-CHESS ta Jami'ar Wisconsin ya nuna raguwar ranakun sha mai haɗari ga waɗanda suka fito daga cibiyoyin jinya, nazarin ƙungiyar Cochrane na 2017 kuma ya nuna cewa irin wannan tallafi yakan rage kusan giram 23 na barasa a mako. Ragi ne na gaske amma ƙarami, kuma ba a kan masu tiyata aka auna shi ba, saboda haka iyakar sha da manhaja ta gama-gari ke nunawa ba ta dace da wanda aka taɓa tumbinsa ba. Haka ma na'urar busa numfashi mai auna barasa da ake haɗawa da waya: ana jiran kusan minti 15 bayan sha kafin a busa, lokacin da ƙololuwar ta riga ta wuce.

Abin da ya wajaba a kan mai shirin tiyata shi ne ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha kafin a shiga da shi, ya kuma tambayi yadda za a ci gaba da tuntuɓarsa bayan shekara guda, ko da ta waya ce daga wata ƙasa. Ya nisanci barasa gaba ɗaya, musamman a lokacin da nauyi ke zuba, domin ban da maye tana jawo gyambon ciki a wurin ɗinki, faɗuwar sukarin jini, lalacewar hanta da ƙarancin bitamin B1 mai iya taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ba ya sha saboda addini ma ya riƙa karanta jikin kwalba, tun da wasu magungunan tari da wasu jiƙe-jiƙen gargajiya na kwalba da leda suna ɗauke da barasa. Ya sa wa wayarsa tunatarwa ta amsa tambayoyin nan duk bayan 'yan watanni, ya duba wa zai ga bayanansa kafin ya sauke kowace manhaja, ya kuma zaɓi mutum ɗaya amintacce da zai iya kira da dare. Idan har sha ya zama na kullum, hannu na rawa da safe, kada ya yanke shi rana ɗaya bisa shawarar manhaja, domin yankewar gaggawa kan kawo jijjiga mai iya kisa. Wannan aikin asibiti ne. Dangi kuma idan suka ga alama, su bar gori su raka shi wurin likita tun abin yana ƙarami.