Dalilin Fifita Ƙarfafa Tsofaffin Azuzuwa

Wasu daga cikin masu ba da gudummawa sun tambaye mu dalilin da ya sa bana muka fifita ƙarfafa tsofaffin azuzuwan Islamiyya a Yawuri da Ngaski da Shanga a kan gina sababbi. Ga bayaninmu.

Ƙasarmu ba ta cikin wuraren da girgizar ƙasa ta saba yi wa ɓarna, ko da yake an ji motsinta a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Abin da ya fi kusa da mu a gaɓar Tafkin Kainji shi ne ambaliya irin ta 2020, da danshin da ke cin harsashi, da iskar farkon damina mai yaye kwano. Amma raunin da waɗannan masifu ke bi ta kansa iri ɗaya ne: bangaye su rabu a kusurwa, kowanne ya tsaya shi kaɗai, sannan rufi ya faɗo.

Saboda haka muka ɗauki darasi daga ƙasashen da suka daɗe suna fama da girgiza. A Nepal an ƙarfafa wasu makarantun bulo a kwarin Katmandu tun kafin girgizar 2015. Da ta auku sai suka tsaya, alhali dubban azuzuwa sun rushe a faɗin ƙasar.

Aikin matakai huɗu ne. Na farko, a zuba ɗamarar kankare da rodi ta kewaye ginin a saman bango. Na biyu, a lulluɓe kusurwoyi da ragar waya a shafe da siminti. Na uku, a ɗaure katakon rufi da wannan ɗamara. Na huɗu, a yi dakali da magudana a gindin bango don nisanta ruwa. Maginanmu na gida za su iya duk wannan a ƙarƙashin kulawar injiniya, kuma kuɗinsa bai kai na sabon gini ba.

Ta fuskar shari'a, malaman fiƙihu sun gabatar da gyaran kadarar waƙafi a kan raba amfaninta, domin sadaka mai gudana tana yankewa idan tushenta ya rushe. Kuɗin wannan aiki daga asusun waƙafi da sadaka yake fitowa. Zakka kuwa tana nan ga rukunoni takwas da Suratut Tauba ta ambata.

Muna roƙon kwamitocin masallatai su zagaya makarantunsu kafin saukar damina. Tsagar da ta fito daga kusurwar taga, ko bangon da ya karkata, a sanar da mu nan take, a kuma fitar da yara daga ajin. Rushewar makaranta a Jos a watan Yulin 2024 ta ci rayukan ɗalibai ba tare da wata girgiza ba. Yaran nan amana ne a wuyanmu. Allah Ya ba mu ikon saukewa.