Bagaruwa a Mai Wurno, Saiwa Mai Ɗaci a Sin

Shirin namu na yau ya sauka a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Daga nan har ƙauyukan Jazira, inda 'yan uwanmu suka shiga noman auduga bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, kare na gadin garke da gona, kyanwa na tsare rumbu daga ɓera. To, in cikinsu ya ɓaci fa?

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira garad. A farfasa busassun 'ya'yan, a jiƙa, ruwan ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Ɗanɗana ka ji bauri ya kama maka harshe. Wannan baurin, da majema ke gyara fata da shi, shi ne ke ɗaure hanji ya rage zawo. Akwai kuma garin 'ya'yan kuka, gongolez, da ake damawa don gudawa.

Mutanen Sin ba baƙi ba ne a Jazira, domin tun a 1971 ƙasarsu ta fara turo likitoci Sudan, kuma sun yi shekaru suna aiki a asibitin Abu Ushar. Can gida suna da tasu saiwa mai ɗaci, huwang liyan, wadda ake tatsar sinadarin tsayar da zawo daga cikinta, suna kuma ba da citta don tashin zuciya kamar yadda muke yi. Amma ku lura: babban littafinsu na maganin dabbobi, wanda wasu 'yan uwa biyu suka wallafa a 1608, a kan doki ya fi ƙarfi, sai sa da raƙumi. Kare da kyanwa daga baya suka shigo. Haka namu ilimin yake. Kakanninmu sun ƙware a kan shanu da awaki da jakuna, kuma awon da ya dace da sa zai iya halaka kyanwa.

Nan ne nake roƙonku. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa magunguna da yawa da tamu ke sarrafawa. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da kyanwa, ko dafaffu ne. Filasko kuwa, sanamaka a bakin mutanen nan, maganin wanke ciki ne. Wanda ya ɗura wa ɗan kwikwiyo mai zawo ya ƙara masa ciwo.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya sa likitan dabbobi ya yi wuyar samu, mun sani. Babban kare mai zawo kaɗan, a ba shi ruwa mai tsabta a kai a kai da dafaffiyar shinkafa marar mai. In kuwa kwikwiyo ne, ga amai ga zawo mai jini da wari, ya ƙi cin abinci, wannan ya wuce jiƙo. A ware shi daga sauran karnuka, a nemi likita ko ma'aikacin dabbobi a ranar, ko da ta waya ce.