Injin Iskar Mai Faci: Daga Ina Man Ke Zuba?

Shirinmu na yau ya yada zango a rumfar mai faci. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, ta shiga Maradi, ta wuce Agye da Gazawa zuwa Tasawa, ya san ƙarar ɗan injin nan mai cika taya da iska. A Gidan Sori da ƙauyukan kewaye kuwa, mai kabu-kabu da mai amalanke duk da shi suka dogara, balle ranar kasuwa. Amma duƙa ka leƙa ƙarƙashinsa: rairayi ya yi baƙi, jikin injin ya yi danƙo da mai da ƙura. Mai shi zai ce tsufa ne. Mu kuwa muna cewa, sau da yawa injin lafiyarsa lau, hanci aka toshe masa.

A ƙarƙashin fistan akwai akwatin da mai ke kwance, wani ɗan cokalin ƙarfe na ɗibarsa yana watsawa. Duk saukar fistan, iskar cikin akwatin nan sai ta nemi mafita, shi ya sa aka huda ɗan rami a murfin zuba mai. In hunturu ya kankama, ƙura ta haɗu da tururin mai, sai ramin ya liƙe. Iskar kuwa ba ta haƙura: takan tura mai ta bakin robar da ke rungume da sandar juyi, ko ta gefen gilashin duba mai. Haka ma in an ɗura mai ya haura jan ɗigon da ke tsakiyar gilashin. Wani sabon injin ma da marfin roba marar rami yake zuwa, na ɗaukar kaya kawai, a manta ba a musanya shi ba. Don haka kafin a ɗauko sifana, a wanke injin da kananzir, a bari ya bushe, a barbaɗa toka mai laushi, a tada shi minti 10. Inda tokar ta fara jiƙewa daga can sama, nan ne bakin yoyon, domin mai gangarowa yake yi, fanka kuma na watsa shi. In injin fetur ke jan sa, a tuna akwatin mai biyu ne, kada a yi wa mai lafiya magani.

Wani zai ce, “Haba malam, ɗigo nawa ne? In ya ragu sai in ƙara.” Gaskiya ne, kuɗin man ba yawa. Amma me ake ƙarawa? Baƙin man mota, wani lokacin ma wanda aka juye. Shi kuwa yana ɗauke da sinadarin wanke inji da ke sa kumfa, ya bar gawayi a bakin bawul, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Bawul ya kasa rufewa, tanki ya daɗe bai cika ba, fetur na ƙonewa. Man da ya bi iska ya shiga tufu kuwa cin roba yake yi, faci ya ƙi kamawa, gobe mai babur ya dawo da faɗa. Man da ya dace shi ne SAE 30 marar sinadarin wanki, ko ISO 100, ko da sai an yi saƙonsa daga Maradi.

Wani kuma ya ce nasa zobban fistan ne suka cinye. Yana yiwuwa, kuma yana da alama: ramin murfi a buɗe yake amma yana huci da ƙarfi har da feshin mai, ruwan da ake tsiyayewa daga gindin tanki yana fitowa da maiƙo. Ko a nan ma a fara duba matacin iska, don in ya toshe, fistan kan zuƙo mai daga ƙasa ya haye zobba. Sai an tabbatar matacin a tsabtace yake sannan a kwance kan injin, a sa sabbin zobba da sabon gaskit, ba a lafta gam ba. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a kashe injin, a saki iskar tanki har allurar agogo ta kwanta a sifiri, domin ƙaramin tanki ma yakan riƙe ƙarfin iska har bar 8.