Mura da gushewar jin ƙamshi: daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa

1. Gabatarwa

A Hausa, aikatau guda, watau ji, shi ke ɗauke da aikin kunne da na hanci da na harshe. Shi ya sa in mai mura ya ce "ba na jin daɗin abinci", sai a ɗora laifi ga baki, alhali harshe bai san kome ba sai zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri da garɗin nama. Sauran daɗin miya, hanci ke kawo shi. A nan za mu duba inda cutar take taɓawa.

2. Hanyar ƙamshi

A can ƙoli cikin hanci akwai wata tantani mai ɗauke da jijiyoyin sansana. Jijiyoyin nan suna bi ta wani ƙashi mai huda-huda kamar rariya, su isa ga wani ƙullutu da ke ƙarƙashin goshin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira bulbe olfactif da Faransanci. Mu za mu kira shi ƙullutun ƙamshi. Daga nan saƙo ke wucewa zuwa sassan tunawa da na motsin rai.

3. Abin da ƙwayar birus ke yi

Ya kamata a bambanta hali biyu. Na farko, majina da kumburi su toshe hanya. Da mura ta wuce, ƙamshi ya komo. Na biyu, hanci a buɗe amma ba a jin kome, kamar yadda aka gani da yawa a annobar korona ta 2020. Bincike ya nuna cewa wannan birus ya fi kama ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin, sai kumburi ya biyo baya, jijiyoyin su daina aiki. In saƙo ya daɗe bai zo ba, ƙullutun ƙamshi yakan rage girma. A 2022, masanan jami'ar Okusfod ta Ingila sun gwada hotunan ƙwaƙwalwar mutum 401, kafin su kamu da kuma bayan sun kamu, suka tarar da ƴar raguwa a sassan da ke haɗe da hanyar ƙamshi.

4. Kammalawa

Jijiyoyin sansana suna sake tohuwa, don haka akasarin masu cutar sukan warke cikin makonni. Wasu, kafin haɗin ya daidaita, sukan ji nama ko albasa na ɗoyi. A 2009, Thomas Hummel na Jamus ya gwada horar da hanci: a sansani wardi, lemun tsami, kanumfari da ganyen itacen turare, sau biyu a yini, har mako 12. Wanda bai jin hayaƙi ko gas ko rubabben abinci yana cikin haɗari. Saboda haka, likita ya kamata ya raba tambaya: "kana jin gishiri?" dabam, "kana jin ƙamshin daddawa?" dabam.